Daga Alƙalami Zuwa Kyamara: Abin da Marubutanmu Suka Tafi da Shi

Mu da muka tashi a ƙauyukan Ɗanbatta, littafi muka fara sani kafin fim. A hannun yayyenmu mata muka ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, bangonsa duk ya yage saboda aro. Littafin ya fito a 1991, a 1994 kuma marubucin ya mayar da shi fim. Bala Anas Babinlata ya bi wannan hanya, haka ma Balaraba Ramat Yakubu. Sun shiga sana'ar da ba su gada ba, a lokacin da Turmin Danya na 1990 bai daɗe da buɗe kasuwar ba.

Ba mu ga laifinsu ba. Kaset yana shiga gidan da littafi ba ya shiga, ya isa ga tsohuwar da ba ta yi boko ba. Kuma su ne suka kawo wa harkar labari mai kai da gindi.

Amma akwai abin da muka sani a aikinmu na rubuta manhaja: wanda ya daɗe da wani yaren kwamfuta, in ya koma sabo, sai ya shekara yana rubuta tsohon da haruffan sabon. Manhajar za ta yi aiki, sai dai da ka duba ka san inda mai ita ya fito. Wannan cutar ce ta kama fim ɗin Hausa, har yau kuma bai warke ba. A littafi dole a faɗa mana abin da ke zuciyar Sumayya kafin ta faɗa rijiya, don ba mu da wata ƙofar shiga ranta. A fim muna da fuskarta da hannunta da shirunta. Duk da haka sai a zaunar da mutum biyu a falo, a girke kyamara kamar an ɗaure akuya a turke, su yi ta bayanin abin da ido ya riga ya gani. Rufe idonka a yawancin shirye-shiryen da ake sakewa a YouTube duk mako, ba abin da zai wuce ka. Wasan rediyo ne aka sa masa kaya.

Ƙauye ne ya fi cutuwa. Tunda hoto ba ya magana, sai aka bar shi wa barkwanci: baƙauye da hula a karkace, ya shigo birni yana tsoron mota. Ina wanda ya tsaya ya ɗauki kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, dillali da mai sa suna ciniki da yatsu? Ina masu noman rani a bakin madatsar Tomas da sanyin asuba?

Juyin Sarauta ya nuna ana iyawa. Balaraba ce ta rubuta, amma ta miƙa wa Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Gidan Dabino kuma ya fito a ciki. Can sutura da gini da yadda ake zama a gaban sarki suna ɗauke da rabin labarin. Marubuciyar ta yarda wani ido ya yi abin da alƙalaminta ba zai yi ba.

Wani abokin aikinmu ya ajiye aiki bara, ya sayi kyamara da kuɗin da ya tara. Ya turo mana rubutun fim ɗinsa na farko, shafi 60. Mun ƙirga, a shafi 52 mutane a zaune suke.