Wasan Kwaikwayo na 'Yan Makaranta: Abin da Ya Ba Adabin Hausa da Abin da Ya Rage Masa

Masu nazarin adabin Hausa sun saba fara tarihin rubutaccen wasan kwaikwayo daga maɗaba'a, watau daga ranar da littafi ya fito. Nufin wannan takarda shi ne a komo baya kaɗan, zuwa farfajiyar makaranta, inda 'yan ƙungiyar wasa kan taru bayan la'asar, gama can ne wannan fanni ya yi rarrafe kafin ya miƙe. Za mu duba hanyoyi biyu da suka fito daga wannan farfajiya, sa'an nan mu auna su da bukatar makarantun Jega da Aliero da Maiyama.

Asalin abin

Bahaushe bai jira zuwan boko ba kafin ya san kwaikwayo. Yara suna tashe daga goma ga watan azumi. Matan fada suna wasan gauta, su kwaikwayi sarki da fadawansa a gaban idonsu. Samari kuma suna kalankuwa bayan kaka, su naɗa sarkinsu da alkalinsu. Abin lura a nan shi ne, a cikin yawancin waɗannan wasanni ƙarami ne ke kwaikwayon babba. A yi dariya, babban kuwa ya ji abin da ba mai iya faɗa masa a fili.

Abin da makaranta ta ƙara shi ne takarda da dandamali. A cikin shekarun 1930 R. M. East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya buga gajerun wasanni shida na Hausa domin 'yan makaranta su samu abin gwadawa. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Hanyoyi biyu

Ta fari ita ce ta Malam Aminu Kano. Yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wajen 1938 zuwa 1939, ya tsara wasanni waɗanda 'yan'uwansa ɗalibai suka yi, har da "Kai Wane Ne a Kasuwar Birnin Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?" da "Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya". Sunan na farkon kaɗai ya isa ya nuna inda marubucin ya sa ido, watau kan mai wayo da mai iko, da yadda suke cin baƙauye. Wannan jinin wasan gauta ne ya shiga aji. Wanda ya san abin da Malam Aminu ya zama daga baya a jam'iyyar NEPU ba zai yi mamaki ba.

Ta biyu ita ce ta darasi, kuma misalinta mafi kusa da mu shi ne "Wasan Marafa" na Abubakar Tunau, mutumin Lardin Sakkwato, lardin da Jega ke cikinsa a wancan zamani. An buga shi a 1949, maƙasudinsa kuwa koyar da tsabta da kiwon lafiya. Kada mai karatu ya raina wannan niyya. A lokacin agana tana kisa, kurkunu yana kwantar da manoma da damina, asibiti kuma abin tsoro ne ga mutanen ƙauye. Wasan ya yi aikin da ya dace da ranarsa.

Amma fa wasannin Malam Aminu ba su shiga cikin littattafan da aka raba wa makarantu ba, alhali na darasi sun shiga. Saboda haka malamin da ke neman abin koyi sai ya tarar da hanya ɗaya tak a kabad ɗin littattafai, ya bi ta, ɗalibansa su ma suka bi.

Aibin hanyar darasi

Duk wanda ya saba halartar bikin raba kyaututtuka ya san fasalin da aka gada: uba jahili, ɗa ɗan boko, boka mayaudari, sai cuta ta zo, sai likita ya warkar, sai uban ya tuba. Aibinsa biyu ne. Na ɗaya, tun fitowa ta fari mai kallo ya san wanda zai yi nasara, wasan da aka san ƙarshensa kuwa ya zama wa'azi da tufafin aro. Na biyu, an juya wa gargajiya baya: maimakon a yi wa mai iko dariya, sai a yi wa talaka, a gaban ɗansa.

A gwada wannan fasali a Aliero, garin da mutane ke zuwa daga nesa neman masu ɗorinsa. In aka nuna wa iyaye cewa duk maganin gida yaudara ce, sun san ba haka abin yake ba, sai su yi shiru don kunya, su tashi ba su ɗauki kome ba. An kawar da agana daga duniya tun 1980, an kuma tabbatar da rabuwar Nijeriya da kurkunu a 2013, amma boka da likitan nan suna nan bisa dandamali suna faɗan da ya ƙare.

Darasi a kansa ba laifi ba ne. Shu'aibu Maƙarfi ma yana gargaɗi a cikin "Jatau na Kyallu" na 1960, amma mutanensa suna magana kamar masu rai, har mai kallo ya manta ana yi masa faɗa.

Maganar harshe

Nan ne sauran aiki yake. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano, ita ce ta rubutu da jarrabawa, kuma daidai ne jaridar makaranta ta bi ta. Amma tsohuwar Maiyama ba ta cewa "muka tafi", sai "munka tahi". In ɗalibi ya sa mata Kananci a baki, ya kashe ta tun ba ta zauna ba. Mafi muni kuma shi ne a bar karin gida ga wawa kaɗai, ɗan boko ya yi ta daidaitacciya, gama yaro zai fita da zaton harshen uwarsa abin dariya ne.

Shawara

Ga malaman kwalejojin horo, abin da muke gani shi ne a bar ƙungiyar wasa ta nemo labarinta da kanta. Kasuwar Jega ta shahara tun ƙarni na 19, ba ta rasa dillali da mai awo da baƙon da za a cuta. Manomin albasa na Aliero, wanda zai zaɓa ko ya sayar da araha lokacin da kaya suka cika kasuwa, ko ya ajiye ya yi kasadar ruɓewa, yana cikin matsin da ya fi na kowane boka, kuma ba wanda ya san ƙarshensa. A tura yara su saurara, su rubuto maganar yadda aka faɗe ta, malami ya gyara tsari, ya ƙyale bakin mutane. A kuma ajiye kofen kowane wasa a ɗakin karatu da sunan masu shi da shekararsa, domin kada abin da ya sami wasannin Kwalejin Kaduna ya sami nasu.