"Waya Mara Waya": Sharhi a kan Kalmomin Hanyoyin Sadarwa a Ƙasar Ƙonni

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar. Wannan matsayi nauyi ne, domin harshen da aka ɗora wa ƙasa tilas ne ya iya bayyana kayan aikin da ƙasar ke rayuwa da su. Manufar wannan maƙala ita ce a duba kalmomin da masu fassara ke amfani da su game da hanyoyin da saƙo ke bi tsakanin kwamfutoci, a nuna inda suka gaza. An ɗauki Birnin Ƙonni a matsayin ma'auni saboda ƴan kilomita kaɗan ne tsakaninsa da Illela ta Jihar Sakkwato, wato a kasuwa ɗaya ake jin aron Faransanci da na Ingilishi.

2.0 Abin da Ake Son a Raɗa wa Suna

Hanyoyin iri uku ne. Ta farko ita ce ta jan ƙarfe, mai ɗaukar saƙo ta hanyar lantarki. Wadda aka fi gani a ofisoshi sili takwas ne da aka murɗe bibbiyu, kuma ƙa'ida ita ce kada tsawonta ya wuce mita 100. Ta biyu ita ce ta gilashi, siririya kamar gashi, mai ɗaukar saƙo da haske har kilomita masu yawa. Irinta ce aka binne daga Yamai ta Doso da Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram. Ta uku ba ta da jiki ko kaɗan: saƙo ne ke tafiya a sarari tsakanin na'ura da turke, ko tsakanin ƙasa da tauraron ɗan Adam.

3.0 Matsalar "Waya"

Kalmar waya aro ce daga Ingilishi, kuma asalin ma'anarta silin ƙarfe. Da tangaraho da tarho suka zo, sai aka sami buga waya, da gidan waya, da wayar tarho, har da wayar iska. Bayan shigowar salula a Nijar da Nijeriya a 2001, kalmar ta koma kan abin da ake riƙewa a hannu. Yau idan ɗan kasuwar albasa a Galmi ya ce wayarsa ta lalace, ba wanda zai zaci ƙarfe yake nufi.

Masu fassara da yawa ba su lura da wannan ƙaura ba. Suna rubuta "hanyar sadarwa mara waya" suna nufin wadda ba ta da sili, alhali mai karatu yana fahimtar wadda ba a bukatar salula a cikinta, wato kishiyar abin da ake nufi. Idan aka bi wannan fassara har ƙarshenta, ita kanta salula sai ta zama "waya mara waya". Fassarar ta yi wa harshen da aka aro daga gare shi biyayya, ta saɓa wa Bahaushen da aka yi ta dominsa.

Wasu sun nemi mafita a kalmar igiya. Ita ma tana da nata cikas, domin igiyar ruwa ta riga ta sa ana aron igiya wajen bayanin yadda sauti da saƙon rediyo ke tafiya. Ke nan kalma ɗaya za ta tsaya wa mai jiki da marar jiki.

4.0 Rezo da Sabis

A bakin jama'a kuwa matsalar ta ɗauki wata kama. Mutumin Ƙonni ko Malbaza zai ce "babu rezo", ɗan'uwansa na tsallaken iyaka ya ce "babu sabis" ko "babu netwok". Wannan yana cewa wifi, wancan yana cewa waifai. Ba laifi ba ne harshe ya yi aro, amma waɗannan kalmomi sun haɗiye sarƙar gaba ɗaya, sun ɓoye cewa salular hannu da ƙarfe da gilashi ta dogara. Nijar ba ta da teku, saboda haka ta ƙasashen maƙwabta, alal misali ta Kwatano, take kaiwa ga layukan ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024 layuka huɗu daga cikinsu suka sami tangarɗa a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a ƙasashe da dama. Wanda "babu rezo" kaɗai ya sani ba shi da kalmar da zai bambanta laifin salularsa da na turke da na layin teku.

Illar ba ta tsaya nan ba. Idan takardar faɗakarwa ta ce "kada a taɓa waya", mai haƙa rami ba zai gane abin da ke ƙarƙashin gefen hanya ake nufi ba. Wanda ya gane kuwa zai iya zaton jan ƙarfe ne mai kuɗi, alhali gilashi ne da ba shi da daraja a wurin maƙeri.

5.0 Dogon Suna

Aibi na uku shi ne mai da bayani suna. Na'urar da ke zaɓar wa saƙo hanya ana yawan ganin ta a rubuce-rubucen intanet da sunan "na'ura mai ba da hanya tsakanin hanyoyin sadarwa". Kalmomi takwas ke nan. Malamin yaƙi da jahilci ba zai iya rubuta su sau biyar a allo ba, mai shago kuma ba zai kira su ba. Sunan da baki ya ƙi, aro ne zai maye gurbinsa.

6.0 Shawarwari

(a) A bar wa jama'a waya da ma'anar da suka ba ta, wato salula da tarho.
(b) A keɓe zare ga hanya mai jiki: zaren jan ƙarfe, zaren gilashi.
(c) A farfaɗo da iska ta tsohuwar wayar iska ga marar jiki: hanyar iska, kishiyar hanyar zare.
(d) A gwada mararraba ga na'urar zaɓen hanya. Duk wanda ya san Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi, zai kama ma'anar nan take.
(e) Kada a buga ko ɗaya sai an gwada ta a azuzuwan manya na Ƙonni da Malbaza da Illela ta Jihar Tawa, da kuma wurin masu gyaran salula.

7.0 Kammalawa

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aikin daidaita rubutun Hausa. Kalmomin fasaha na bukatar irin wannan zama tsakanin masanan Nijar da na Nijeriya. In ba haka ba, littattafan da za a buga wa Ƙonni da waɗanda za a buga wa Illela ta Sakkwato za su kira abu ɗaya da suna biyu, ga mutanen da ke cin kasuwa ɗaya.