Kukan Gida: Nazari a kan Kaɗe-kaɗe Uku na Jihohin Kudu na Amurka

1.0 Gabatarwa

Akwai waɗansu nau'o'in kiɗa guda uku na ƙasar Amurka waɗanda ba safai sukan faɗo kunnen Bahaushe ba, ko da kuwa yana cikin masu sha'awar kaɗe-kaɗen ƙetare. Na farko shi ne bulugiras, kiɗan tsirkiya na mazauna duwatsu. Na biyu shi ne rok na Kudu, mai jitar lantarki da ganguna. Na uku kuwa shi ne wanda za mu kira kantirin bayan fage, watau kiɗan ƙauye na waɗanda suka juya wa manyan kamfanonin faifai na birnin Nashville baya. Duka ukun daga jihohin kudu na ƙasar suka samo tushe, kuma an saba ɗaukarsu a kan kiɗan farar fata ne zalla.

Masu iya magana kan ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Babban jigon waɗannan kaɗe-kaɗe shi ne gida: begensa, da barinsa, da kāre mutuncinsa. Amma gidan da ake magana a kai gida ne mai tabo, domin a nan aka yi cinikin bayi, a nan kuma aka yi mulkin wariyar launin fata har cikin shekarun 1960. Saboda haka ma'aunin wannan maƙala ɗaya ne: gwanin mawaƙi a wannan fage shi ne wanda ya so gidansu, ya yabe shi, bai kuma ɓoye tabonsa ba. Da wannan ma'auni za a auna faya-fayan da za a ba mai karatu shawarar saurara.

2.0 Tushe

Duk wanda ya san gurmi ko garaya ko molo, in ya ga banjo na dā ba zai yi masa kallon baƙo ba. Ƙwarya ce aka rufe bakinta da fata, aka cusa mata sanda, aka ɗaura tsirkiya. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su ne suka ƙirƙiro shi a tsibiran Karibiyan tun cikin ƙarni na 17, bisa fasalin kayan kiɗan da suka baro a gida. Daga cikin danginsa na wannan nahiya, wanda manazarta suka fi kusanta shi da shi shi ne akontin na ƙabilar Jola ta Gambiya da Senegal, domin dukansu suna da wata gajeriyar tsirkiya wadda ake kaɗawa da babban yatsa. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, wanda shi kansa mai bayi ne, ya rubuta a cikin shekarun 1780 cewa daga Afirka bayi suka zo da wannan abin kiɗa.

Daga shekarun 1830 zuwa gaba sai waɗansu 'yan kama farar fata suka ɗauki banjo, suna shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. Ta wannan ƙazamar hanya ya bazu a ƙasar, har ya haɗu da gogen Turawa wanda baƙi daga Ingila da Sikotilan da Ayalan suka hau duwatsun Afalashiya da shi. Sa'ad da kamfanoni suka fara ɗaukar kiɗan ƙauye a faifan garmaho a shekarun 1920, sai suka raba kasuwa biyu: faifan baƙar fata daban, na farar fata daban, alhali kuwa makaɗan suna koyo daga juna. Alal misali, A. P. Carter, jagoran ƙungiyar Carter Family wadda aka fara ɗaukar muryarta a garin Bristol a 1927, ya sha yawon ƙauyuka neman tsofaffin waƙoƙi tare da wani baƙar fata makaɗin jita, Lesley Riddle, wanda shi ne yake riƙe karin waƙoƙin a kansa. Rabon da ake gani a yau na 'yan kasuwa ne.

3.0 Bulugiras

Bill Monroe, wanda aka haifa a Rosine ta jihar Kentaki a 1911, shi ake ɗauka uban wannan kiɗa. Ya sa wa ƙungiyarsa suna Blue Grass Boys, daga sunan wata ciyawa da jiharsu ta shahara da ita, daga nan kuma kiɗan ya sami suna. Salon ya kammala ne a ƙarshen 1945, lokacin da Earl Scruggs ya shigo ƙungiyar da wata dabara ta kaɗa banjo da yatsu uku, sauti na zubowa kamar ƙanƙara a kan kwano.

Zubi da tsarin bulugiras ba shi da wuyar ganewa. Kayan kiɗa biyar ne aka fi sani: banjo, da goge, da jita, da mandolin, da wani ƙaton goge wanda ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa. Babu ganga, babu lantarki. Bayan kowane ɗiya na waƙa sai makaɗi ɗaya ya fito fili ya nuna gwanintarsa, ya koma baya, wani ya karɓa. Wajen amshi kuwa muryoyi biyu ko uku ne suke hawa kan juna, ta saman tana da tsini da kaɗaici kamar ta mai kira daga ƙetaren kwari.

Dalilin wannan kaɗaici yana cikin tarihin masu sauraro. Talauci ya kori mutanen duwatsu masu ɗimbin yawa zuwa masana'antun arewa, kamar na Detroit da na jihar Ohayo. Shi kansa Monroe ya yi lebura a matatar mai a jihar Indiyana. Saboda haka kiɗan da ake ji kamar na gargajiya, a gaskiya kiɗan 'yan cirani ne masu tuna gida. Wanda yake son ya ji wannan jigo a tsantsarsa ya nemi “Rank Stranger” ta 'yan uwan nan biyu, Carter da Ralph Stanley, wadda suka yi a 1960. Mutum ne ya koma garinsu bayan doguwar tafiya, ya tarar ba wanda ya san shi, ba kuma wanda ya sani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Rauni na bulugiras shi ne yawan ƙawata jiya. Gidan da ake bege kullum mai tsarki ne, ga tsohuwa a bakin ƙofa, ba azzalumi ba wanda aka zalunta. Monroe ya yi wa kawunsa mai goge waƙar “Uncle Pen” a 1950, ta shahara ƙwarai. Ya kuma sha faɗa da bakinsa cewa ya koyi abu mai yawa daga wani baƙar fata, Arnold Shultz, amma shi Shultz ya rasu a 1931 ba a taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ba. Wadda ta fi cika ma'auninmu a wannan fage ita ce Hazel Dickens, 'yar gidan mahaƙa kwal a Bajiniya ta Yamma. A waƙarta “Black Lung”, wadda take rerawa da murya tsura ba kiɗa, ta yi makokin ɗan uwanta wanda ƙurar kwal ta cinye wa huhu. Duwatsun da waɗansu suke yi wa kirari, ita ta nuna abin da ke cikin ramukansu.

4.0 Rok na Kudu

A 1969 aka kafa ƙungiyar Allman Brothers Band a Jacksonville ta jihar Fulorida, sa'an nan ta koma garin Macon na jihar Jojiya. Mutum shida ne, da masu jita biyu a gaba, Duane Allman da Dickey Betts, da makaɗan ganga biyu, ɗayansu baƙar fata, Jai Johanny Johanson. A Kudu ta wancan zamani, zaman baƙi da fari a ƙungiya ɗaya, suna tafiya a mota ɗaya, magana ce babba ko da ba a furta ta ba. Kafin nan Duane ya yi wa Wilson Pickett da Aretha Franklin kiɗa, kuma yakan sa kwalbar magani a yatsa yana goga ta a kan tsirkiya har jita ta yi kuka kamar muryar mutum.

Faifansu At Fillmore East, wanda aka ɗauka a gaban jama'a a birnin Niyok cikin Maris 1971, shi ne ƙololuwar wannan salo. Sun buɗe da “Statesboro Blues”, waƙar wani makaho baƙar fata ɗan Jojiya, Blind Willie McTell, ta 1928, suka rufe da “Whipping Post” mai tsawon fiye da minti 22. Mai sauraro ya lura da yadda jita biyun suke zance, ɗaya ta kawo magana ɗaya ta mayar. Duane ya rasu a haɗarin babur a watan Oktoba na wannan shekara yana ɗan shekara 24.

Ƙungiya ta biyu, Lynyrd Skynyrd, ita ma daga Jacksonville, ta fi wuyar hukunci. Shugabanta Ronnie Van Zant gwanin tsara magana ne cikin harshen talaka. A faifan Second Helping na 1974 ya yi waƙar girmamawa ga wani tsoho baƙar fata makaɗi, “The Ballad of Curtis Loew”, a 1975 kuma ya yi zambo ga ƙaramar bindiga a “Saturday Night Special”. Amma a wannan faifai na 1974 ne ya yi “Sweet Home Alabama”, raddi ga Neil Young wanda ya soki Kudu a kan bauta da wariya. Waƙar ta taɓo gwamnan jihar, watau George Wallace, mutumin da ya tsaya a ƙofar Jami'ar Alabama a 1963 don ya hana ɗalibai baƙar fata shiga. Bayan ambatonsa 'yan amshi suna yin ihun ƙi, amma ihun gajere ne, kiɗan kuma na murna ne, har ya zama kowane ɓangare yana jin abin da yake so ya ji. Bugu da ƙari, ƙungiyar takan kafa tutar jihohin da suka yi yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 don riƙe bauta. Habaici da ya yi laushi har wanda aka yi dominsa yana rawa da shi bai biya bukata ba. A kan ma'auninmu waƙar ta yi rabi ta bar rabi. Van Zant ya rasu a haɗarin jirgin sama a jihar Misisifi ran 20 ga Oktoba, 1977.

5.0 Kantirin Bayan Fage

A shekarun 1980 kiɗan kantiri na Nashville ya zama hajar kanti, an goge shi sumul don gidajen rediyo. Sai waɗansu samari da suka tashi da kiɗan rok mai hayaniya suka koma ga tsofaffin faya-fayan kakanninsu. Ƙungiyar Uncle Tupelo ta garin Belleville a jihar Ilinoi, ko da yake ba 'yar Kudu ba ce, ita ta buɗe ƙofa da faifan No Depression a 1990, wanda ya ɗauki sunansa daga wata waƙar Carter Family ta 1936. Jigonsu ƙaramin gari ne da masana'antu suka mutu, ba aiki, sai mashaya. Bayan rabuwarsu a 1994, Jay Farrar ya kafa Son Volt, Jeff Tweedy ya kafa Wilco.

Faifai biyu ne a wannan sashe suka fi cancantar kunnen mai nazari. Na farko shi ne Car Wheels on a Gravel Road na Lucinda Williams, 'yar jihar Luwiziyana, na 1998. Salonta na ambaton sunayen garuruwa da hanyoyi ne, da ƙananan abubuwan da yarinya take gani daga kujerar bayan mota yayin da iyali suke ƙaura ba iyaka. Ba ta cewa tana baƙin ciki. Takan jera abin da ido ya gani, ta bar mai sauraro ya haɗa lissafi.

Na biyu shi ne Southern Rock Opera na ƙungiyar Drive-By Truckers, na 2001. Ɗaya daga cikin shugabanninta, Patterson Hood, ɗan David Hood ne, makaɗin da ya yi wa manyan mawaƙa baƙar fata aiki a Muscle Shoals ta Alabama. Faifan doguwar ƙissa ce wadda ta ɗauko tarihin Lynyrd Skynyrd, da Wallace, da bam ɗin da aka sa a wani coci na baƙar fata a Birmingham a 1963, ta ɗora su duka a faranti ɗaya. Hood yana alfahari da gidansu yana kuma jin kunyarsa a numfashi guda. Abin da Van Zant ya bari a rabi, a nan aka ƙarasa shi. Aibin faifan shi ne tsawo, da wuraren da jawabi ya rinjayi waƙa.

6.0 Kammalawa

Tushiya mafarin dawa. A 2005 makaɗin banjo Béla Fleck ya kai ziyara Uganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali ya yi kiɗa da makaɗan can, aka yi fim a kan tafiyar mai suna Throw Down Your Heart. A wannan shekara kuma Rhiannon Giddens da abokanta biyu, dukansu baƙar fata, suka kafa Carolina Chocolate Drops, suna ɗaukar karatu wajen wani dattijo mai goge, Joe Thompson. Faifansu Genuine Negro Jig na 2010 ya ci lambar Grammy. Banjo ya komo hannun jikokin masu shi.

Wanda zai fara sauraro, shawarata ya bi wannan jeri: Genuine Negro Jig don ya ji tushe, sai “Rank Stranger” da “Black Lung”, sai At Fillmore East, sa'an nan Second Helping, ya rufe da Southern Rock Opera. In ya ji “Sweet Home Alabama” kafin ya ji Hood, zai fi gane abin da aka faɗa da abin da aka haɗiye. Ya kasa kunne ga banjo musamman, da yadda babban yatsa yake komawa kan gajeriyar tsirkiyar nan sau bayan sau.