Al'adar Ajiye Jeri a Gidan Pick

A 1965 kamfanin TRW na Amurka ya ɗora wa Don Nelson da Dick Pick aikin gina manhajar da za ta riƙa lura da kayan gyaran Cheyenne, wani jirgin yaƙi mai saukar ungulu da sojan ƙasar ke shirin ƙerawa. Jirgin bai kai labari ba, an soke shirinsa a 1972. Manhajar ce ta yi tsawon rai. Kamfanin Microdata ya kai ta kasuwa a 1973 da sunan Reality, kuma har yau jikokinta na aiki, irin su jBASE, da UniVerse da UniData waɗanda Rocket Software ya saya daga hannun IBM a 2009.

Duk waɗannan rumbunan bayanai sun gaji wata ɗabi'a guda. Idan ma'aikaci ya ba da umarnin SELECT, ba a zubo masa bayanan. Lambobin shaidarsu kaɗai ake jero masa, sai jerin ya tsaya yana jiran umarni na gaba. In ya ga dama ya laƙaba masa suna da SAVE.LIST ya ajiye, gobe ko wata mai zuwa ya ɗauko shi da GET.LIST.

Daɗin abin yana fitowa ne idan jeri ya zama biyu. A ce akawun wani kamfani ya ajiye jerin abokan cinikin da ake bi bashi, ya kuma ajiye na waɗanda suka yi sayayya a wannan wata. A UniVerse zai ɗora na farko a gurbi na 1, na biyu a gurbi na 2, domin gurabun jeri daga 0 zuwa 10 ne. Daga nan MERGE.LIST ya ba shi zaɓi uku. UNION zai tattaro duk wanda ya fito a ɗaya daga cikin jerin biyu. INTERSECT zai tsamo waɗanda ke cikin duka biyun, wato masu ci gaba da ɗiban kaya alhali ba su biya na baya ba. DIFF kuma zai cire mutanen jeri na biyu daga na farko, a bar waɗanda suka ci bashi suka ɗauke ƙafa.

Wannan na ukun ne ke ka da mutane. Haɗawa da tsamowa ba ruwansu da wanda aka fara ambata, amma cirewa tana da gaba da baya. Akawu ya juya lambobin biyu, sai takardar tunin bashi ta tafi wa mutanen da ba a bin su ko sisi, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba, don a wurinta umarnin daidai yake.

Lissafin kansa ba sabo ba ne. Shi ne John Venn ya zana da da'irori a 1880, kuma a kansa Edgar Codd na IBM ya gina tsarin da ya bayyana a 1970, wanda ya haifi SQL, harshen yi wa rumbun bayanai tambaya. A can ma akwai UNION da INTERSECT da EXCEPT. Bambancin yana ga abin da kowa ke ajiyewa. Mai SQL yakan ajiye tambaya ne, duk lokacin da aka yi ta a sami amsar ranar. Mai aiki da jikokin manhajar Pick kuwa amsa yake ajiyewa.

Ba raini ba ne a faɗi haka. Wanda bai taɓa karatun rubuta manhaja ba zai iya tafiya taki-taki: ya zaɓo, ya ga adadin da ya fito, in bai gamsu ba ya buɗe jerin ya duba, har ya goge wata lamba da hannu ta EDIT.LIST, sannan ya haɗa da na gaba. Binciken da ya cinye sa'o'i a katafaren fayil sau ɗaya ake yin sa, a yi ta cin gajiyarsa. A zamanin da mutane da yawa ke rububin ƙaramar na'ura guda, wannan ba ƙaramin tattali ba ne. Doguwar jimlar SQL mai tambaya cikin tambaya ba ta barin mai ita ya leƙa tsakiya haka cikin sauƙi.

Sai dai jerin ba ya tuna sharaɗin da ya haife shi, ba ya kuma sanin abin da ya faru bayan an ajiye shi. Kamar takardar sunayen 'yan adashi ce da aka rubuta bara: wani ya fita, wani ya shigo, ita tana nan yadda take. Wanda ya biya bashinsa jiya yana nan cikin jerin makon jiya. Wanda aka goge bayanansa ma lambarsa na ciki, sai an zo rahoto na'ura ta ce ba ta same shi ba. Idan aka haɗa jerin Litinin da na Juma'a, amsar da za ta fito ba ta kowace rana ba ce. Shi ya sa masu kula da irin waɗannan na'urori kan manna kwanan wata a sunan jeri, ko su tara umarnan a wuri guda su sa a sake gina jerin kowane dare, su kuma riƙa share tsofaffin da suka taru a fayil ɗin &SAVEDLISTS& da umarnin DELETE.LIST.