Tsokaci Kan Yadda Ɗaliban Koyon Malanta Ke Kafa Hujja a Jometiri da Aljabara

Babban raunin da muke gani ga ɗaliban koyon malantar lissafi shi ne ɗaukar misali a matsayin hujja. Idan aka nemi ɗalibi ya tabbatar da cewa jimillar kusurwoyin alwatika digiri 180 ce, sau da yawa yakan zana alwatika biyu ko uku, ya auna, ya ce magana ta tabbata. Alhali awo bai shaidi komai ba sai waɗanda aka auna. Hujjar da ta game kowace alwatika tana buƙatar a ja layi ta ƙololuwarta, daura da gindinta, wanda ba zai taɓa haɗuwa da gindin ba, sannan a bi dangantakar kusurwoyin mataki-mataki.

Haka lamarin yake a aljabara. Domin nuna cewa mara da mara suna ba da cika, wani yakan tsaya ga 3 + 5 = 8. Wani kuma yakan rubuta (2n + 1) + (2n + 1), bai lura ba cewa lamba ɗaya ya tara da kanta. Daidai shi ne (2m + 1) + (2n + 1) = 2(m + n + 1).

A ganinmu, laifin ya fi rataya a wuyan manhaja, domin ta raba fannonin biyu, ta kuma mayar da hujja abin hadda. Tarihi bai goyi bayan wannan rabuwa ba. A Bagadaza, wajen shekarar 820, Alkhawarizmi ya warware matsalar da a yau muke rubutawa x² + 10x = 39, ya sami 3, ya kuma kafa hujjarsa da zanen murabba'i.

Bisa ga haka, muna ba da shawarar a riƙa gabatar wa ɗalibai misalan da ke yaudara. Ga n² + n + 41: daga n = 0 zuwa 39 tana ba da lambar da ba ta rabuwa sai da kanta da 1, amma a 40 sai ta ba da 1681, wato 41 × 41. Haka kuma, ya kamata masu tsara manhajar Hausa su tsayar da bambancin ma'ana tsakanin "misali", "hasashe" da "hujja", sannan a nemi kowane ɗalibi ya bayyana dalilin kowane mataki da baki kafin ya rubuta shi. Malamin da ya kasa yin haka, hadda kawai zai gadar wa yaran da ke gabansa.