Ba Na'ura Ce Za Ta Kashe Sana'ar Zane Ba

Maganar da ta fi ci mini rai a 'yan kwanakin nan ita ce wadda ake ta yaɗawa cewa sana'ar zanen kwamfuta ta mutu, wai tunda ƙirƙirarriyar basira ta iso kowa ya zama mai zane. Duk wanda ya tsaya ya dubi fastocin da ake mannawa a kasuwannin Rabah da Wurno da Goronyo, ko katunan gayyata da ke yawo a WhatsApp, zai ga akasin haka. Zane ya yi yawa, masu zanen ne suka yi kaɗan. Saurayi ya sauke PixelLab ko Canva a wayarsa, ya ɗauko zanen da wani ya tsara a wata ƙasa, ya cire suna ya sa suna, ya cire hoto ya sa hoto, ya zuba ruwan zinari da furanni, shi ke nan ya zama gwani. Katin biki da sanarwar rasuwa da tallan taki duk fuskarsu ɗaya, sai an karanta ake gane wanne ne na murna, wanne ne na ta'aziyya.

Babbar shaidata haruffa ne. Hausa tana da ƙ da ɗ da ɓ, kuma an daɗe ana buga su a littattafai da jaridu, tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939. Yau kuwa, da wayar da ta fi injinan wancan lokaci iya aiki nesa ba kusa ba, sai a buga kati a rubuta "daurin aure", alhali dauri daban, ɗauri daban. Ɗan takara ya biya kuɗi a buga masa bana mai faɗin bango yana alkawarin ci gaban "kasa", kalmar da ko dai gazawa ce ko maciji. Da yawa daga salon haruffan da ke cikin waɗannan manhajoji ba su da ƙugiya, in ka sa ta sai ta fito da wani fasali dabam ko ta zama akwati, shi ya sa yara ke tsallake ta. To wannan shi ne aikin mai zane: ya san wane salo ne ke ɗauke da haruffan harshensa, ya nemo shi, ya tsaya a kansa. Batun ajami da Larabci ya fi muni. Manhajar da ke ƙirƙiro hoto takan zana abin da ya yi kama da Larabci daga nesa, in an matso a tarar ba ya karantuwa, kuma a hakan wani zai ɗora shi a katin walimar saukar Alƙur'ani. A Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ya yi rubuce-rubuce, aka kuma binne shi a 1837, wannan abin kunya ne.

Abin da ke ƙara ɓata rai shi ne ba mu rasa gadon zane ba. Akwai zayyanar allo da ake yi wa mai sauka, akwai aska takwas a babbar riga, akwai adon da dukawan Sakkwato ke fitarwa a jar fata, akwai rubutun masu fenti a jikin manyan motoci. Ga dagin Arewa, wanda a yau ba a ganinsa ba a tuna Sardauna Ahmadu Bello ba, ɗan garin Rabah. Dubi yadda yake: layuka da suka sarƙe da juna, ana gane shi a hula, a bango, a hatimi, ko da launi ko babu. Duk abin da ake koyarwa game da tambari mai kyau yana cikinsa. Amma yaronmu zai tsallake wannan ya je ya kwaso kambun sarautar Turawa ya ɗora wa mai sayar da fura.

Za a ce mai ba da aiki ba ya biya, araha yake so, da sauri yake so. Gaskiya ne, kuma ba na musun cewa waɗannan manhajoji sun buɗe wa wanda ba shi da kuɗin kwamfuta ƙofa. Cire bayan hoto da gyara haske, aikin da kan ci awa guda, yanzu ƙiftawar ido ne, kuma babu dalilin ƙin amfani da shi. Sai dai abin da kowa zai iya yi a minti biyu ba a gina sana'a a kansa, domin gobe mai ba da aikin zai yi da kansa. Wanda kuma duk iyawarsa ke rataye da intanet ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Rabah da Goronyo. Wanda ya iya CorelDraw a kwamfutarsa, ya san tsarin shafi da hannunsa, shi ne aikinsa bai tsaya gaba ɗaya ba.

Kuma aikin yana nan, ba a fastar siyasa kaɗai ba, wadda kakarta ke zuwa sau ɗaya a shekara huɗu. Kwarin Rima, daga madatsar ruwan Goronyo zuwa fadamun Wurno, yana fitar da shinkafa da albasa da tafarnuwa, akasari a buhun da ba suna ba alama, wani lokaci ma a tsohon buhun wani kamfani. Ƙungiyoyin manoma da masu casar shinkafa da matan da ke daka yaji suna bukatar tambari da leda mai rubutu da za ta sa mai saye a Kano ko Legas ya san daga ina kayan suka fito. Wannan aiki sai wanda ya je madaba'a ya zauna, ya ga yadda launin da ke sheƙi a fuskar waya ke dusashewa a takarda saboda injin da tawada huɗu yake aiki, ya ga yadda hoton da aka turo ta WhatsApp ke fashewa in aka faɗaɗa shi a bana.

Don haka 'yan'uwa matasa masu wannan sana'a, ku koyi ƙa'idar rubutun Hausa kamar yadda kuke koyon manhaja, ku zauna da masu zayyana da maɗinka ku ga yadda suke raba fili. Ku kuma masu ba da aiki, duk katin da aka kawo muku babu ƙugiya a inda ta dace, ku mayar da shi a gyara kafin ku biya.