Ku Bar Wa Jirgi Tagoginsa

Jiya da daddare na sake cin karo da abin nan da ke ɓata min rai. Wani ɗan'uwa a harkarmu ta haɗa ƙananan samfurin jirage ya nuna min Boeing 747 ɗin da ya gama haɗawa a sikelin 1/144. Fenti sumul, fukafukai sun zauna daram, injina huɗu kowanne ya sha aiki. Na ce masha Allah. Da na matso da ido, sai ga tagogi duk sitika! Ramukan da kamfani ya huda masa ya bi da bodi-fila ya toshe, ya goge da samfefa, ya fesa fenti, sannan ya jiƙa doguwar sitikar ruwa mai jerin baƙaƙen ɗigo ya manna a kai. Haba ɗan'uwa. An ba ka taga, ka mayar da ita bango, ka dawo kana zana taga a jikin bangon?

Kuma ba shi kaɗai ba ne, yayi ake yi. Duk wanda ya ɗauki jirgin fasinja yanzu, kafin ya taɓa komai ya fara neman fila. Har an kai ana buga sitikar da labule a sauke rabi, wai don ta yi kama da ta gaske. Ta yi kamar a hoto, ban musa ba. To amma jirgin a hannu ake riƙe shi, a juya shi, a ɗaga shi saitin fitila. Mai tagar gaske haske zai ratsa shi daga wannan gefe ya fito ta wancan. Mai sitika kuwa ko ka kai shi tsakar rana, makaho ne.

Ni dai abin da ya fara sa min son jiragen nan tun ina yaro shi ne manyan 747 na Kabo Air da a lokacin ke kwasar alhazai daga filin jirgi na Malam Aminu Kano. Mu je rakiya da dare, jirgi na tsaye can nesa, ba abin da ake gani sosai sai layin tagogi suna haske, kowa na cewa tasu Hajiyar tana bayan wata daga ciki. Wannan layin ne ake shafewa da fila.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce wahala: wai tagogi sun fi ɗari, kowace ba ta kai milimita 3 ba, wa zai zauna rufe su ɗaya bayan ɗaya kafin fenti? To wa ya ce a rufe? Ka bar ramukan a buɗe, ka gama fentinka tsaf, ka sa vanish ya bushe. Sai ka ɗauki tsinken sakace ka dangwalo gam ɗin Kristal Klear, ka zagaya bakin ramin, ka ja tsinken a hankali har siririyar fatar gam ta rufe shi. Da farko fara fat za ka gan ta kamar madara, in ta bushe sai ta washe kamar gilashi. In Kristal Klear ta yi maka nisa, farin gam ɗin kafinta ma yana yi. Wadda ta lalace ka tsokale ta ka sake, fenti bai san an yi ba. Ramin dai kada ya wuce kamar milimita 6, don fatar tsinkewa take. Kuma lokacin hunturu ka kife kwali a kai har ta bushe, in ba haka ba ƙurar Kano za ta zauna a ciki din-din-din.

Inda tef ya zama dole shi ne gilashin gaban matuƙi, shi ma guda nawa ne? Tef ɗin Tamiya mai ruwan ɗorawa, ka danna gefensa da tsinke har layin firam ya fito, ka yanka da sabuwar reza, sabuwa fil, don tsohuwa jan tef take ta karce gilashi. Kada ka kusanto da sufa gulu, tururinsa yana mayar da gilashi fari kamar hazo. Shi ke nan fa.

Ku dubi masu haɗa jiragen Yaƙin Duniya na Biyu. Hancin Heinkel He 111 kusan gilashi ne zalla, an raba shi gida-gida, haka Lancaster da akurkin bindigoginsa. Wasu suna sayen yankakken abin rufi na kamfanin Eduard daga ƙasar Cek, wasu da hannu suke yanka kowane ɗan fili a sikelin 1/72, dare biyu, dare uku. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce bari ya shafe hancin da fila ya manna hoto ba. Mu masu jirgin fasinja ne ɗan zagayen rami ya gagare mu?

Na yarda, sitika tana ba da layi miƙaƙƙe da zagayen azurfa a bakin taga, kuma akwai kayan 1/200 da ke zuwa ba rami ko ɗaya, wannan ba laifin mai haɗawa ba ne. Amma wanda aka huda masa ya toshe, shi nake wa magana.

Ɗan'uwan nan ya ce akwai wani 747 a kwali bai buɗe ba. Na riga na ce masa ranar Asabar zan zo da tsinke da kwalbar gam, ya fara da gefen hagu, ni in yi na dama.